Hoton PET na binciken kansa ya fito tas amma likita ya ce sai an yi min dashen ɓargo, don Allah waɗanda suka bi ta nan ku fahimtar da ni

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Kusan shekara biyu ke nan da aka gano ina da limfoma, wato kansar kaluluwa, irin ta Hodgkin, kaluluwa ce ta fito min a wuya ba zafi ba komai, sai gumin dare da ƙaiƙayi da rama. Na sha kemo, wato maganin kansa, mai suna ABVD zagaye shida aka ce ta tafi, na koma harkokina, bayan wata 14 sai ga ta ta dawo a hammata da cikin ƙirji. Yanzu an yi min wani kemo mai suna ICE sau biyu kuma hoton PET na satin da ya wuce ya fito tas babu inda ya yi haske. Har na fara murna sai likita ya ce to yanzu ne lokacin dashe ya yi, za a ɗebi ƙwayoyin jinina a ajiye a ba ni kemon da ya fi duk na baya ƙarfi sannan a mayar min da su. Wlh tun ranar barci ya ƙaurace min. In ciwon ya tafi me zai sa a sake jefa ni cikin wuta? Yarana biyu, babbar shekara 7 ƙaramin 3, su nake kallo in rasa abin da zan yi.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Kwantar da hankalinki, akwai waɗanda aka yi wa a nan za su zo su yi miki bayani.

Bawan Allah: Malama ni dai shawarata ki yi tunani sosai kafin ki sa hannu. Yayana an yi masa dashen nan, da ƙafarsa ya shiga asibiti yana dariya da mu, wata huɗu bai cika ba muka rasa shi, kuma ba kansar ce ta kashe shi ba, abin da ya biyo bayan dashen ne. Tunda hoto ya nuna ba komai a jikinki ni ban ga dalilin taɓo abin da ya kwanta ba.

Anti Nas: Allah ya jiƙan yayanka ɗan uwa, ya ba ku haƙuri. Amma kafin maganarka ta zauna a zuciyarta bari in tambaye ka, nasa ƙwayoyin aka mayar masa ko na wani aka saka masa?

Bawan Allah: Na ƙanwarmu ne, ita kaɗai jininta ya dace da nasa cikin mu biyar.

Anti Nas: To ka ga iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa. Shekara tara ina aiki a sashen dashe, kullum wannan ruɗanin nake gyarawa. Wanda aka yi wa yayanka na mai bayarwa ne, ana duba wani tambari a jikin ƙwayoyin da ake kira HLA, kowane ɗan uwa shaƙiƙi damar ya dace da kai ɗaya ce cikin huɗu. A wannan irin, sabon garkuwar jikin da aka saka maka baƙo ne, yana iya farautar ragowar kansar wanda shi ne amfaninsa, amma yana iya juyowa ya afka wa fatar mai jikin da hanjinsa da hantarsa, shi ne GVHD, dole a riƙa ba da magungunan danne garkuwa irin su tacrolimus ko cyclosporine wata da watanni, a nan ne cututtuka ke samun ƙofa.

Na Maman Biyu nata ne za a mayar mata, jiki ba ya faɗa da kayansa, babu GVHD ba maganin danne garkuwa. Ban ce ba hatsari ba, akwai, amma waɗanda ke rasa ransu saboda shi kansa aikin ba su kai 5 cikin 100 ba a wannan irin.

Sai tambayarki 'yar uwa. Hoton PET taron ƙwayoyin kansa yake gani, ba ya ganin 'yan tsiraru. Ciwon da ya tsallake ABVD wata shida ya dawo ya riga ya nuna miki cewa ya iya ɓuya. Kuma fitowar hoton tas ba hujjar fasawa ba ce, ita ce ma hujjar yi, don ta nuna ciwon naki har yanzu yana jin kemo, to sai a buge shi da mai ƙarfin da zai kai ga waɗanda suka ɓuya. Matsalar ita ce wannan ƙarfin yana ƙone ɓargo gaba ɗaya, shi ya sa ake fara ajiye irin kafin a cinna wa gonar wuta, in ta huce a dawo a shuka. Kemon shi ne maganin, ƙwayoyin ceto ne kawai. Kuma ba tiyata ba ce ko kaɗan, ba a yanka ki ba a fasa ƙashi, kalmar dashe ce ke tsorata mutane. An gwada wannan a kan masu Hodgkin da ya dawo, a Birtaniya aka fitar da sakamako a 1993 sai Jamus a 2002, duka biyun sun nuna waɗanda aka yi wa dashe sun fi zama ba tare da ciwon ya sake dawowa ba a kan waɗanda aka ci gaba da ba su kemo na yau da kullum.

Bawan Allah: Na ji bambancin kuma ban san da shi ba gaskiya. Amma har yanzu ina nan kan cewa kar a yi mata gaggawa, mu lokacin takarda kawai aka miƙo mana muka sa hannu ba mu san me za mu tambaya ba. Ta nemi ra'ayin likita na biyu, haƙƙinta ne.

Anti Nas: Wannan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Sai dai kar neman ya ɗauki watanni, don tazarar da ke tsakanin kemon ƙarshe da dashen in ta yi tsawo ciwon na iya ɗagowa a koma farko.

Maman Biyu: Ngd Anti, wlh yau ne na fara gane abin. Ni duk a zatona ƙashin bayana za a buɗe. To ɗibar ƙwayoyin fa yaya take?

Ɗan Auta: Anti bari in amsa wannan tunda a jikina aka yi, shekara uku ke nan, ina da 24 lokacin, nawa ba Hodgkin ba ne, wata irin limfoma ce mai suna DLBCL, amma hanyar ɗaya ce. Da farko za a bi ki da gwaje-gwaje, zuciya, huhu inda za ki yi ta hura iska cikin wani bututu, ƙoda, hanta, ciwon hanta na B da C, HIV, sannan likitan haƙori. Kar ki raina na haƙorin nan, ruɓaɓɓen haƙori ɗaya da ba ya damunki yau in sojojin jiki suka faɗi shi zai zame miki masifa, ni sai da aka cire min ɗaya tukun.

Sai allurar filgrastim a fatar ciki kullum kwana huɗu zuwa biyar, aikinta ta sa ɓargo ya cika ya tumbatsa har uwayen ƙwayoyin, wato masu haifar da sauran ƙwayoyin jini, su fito cikin jini. A kwana na uku na ji ƙuguna da ƙashin ƙirjina suna bugawa kamar zuciya ta koma can, na tsorata na kira su, suka ce alamar tana aiki ce. Ranar ɗiba kuma kwanciya za ki yi kusa da wani inji, jini ya fita ta layi ɗaya, wato siririn bututun da ake sawa a jijiya, injin ya juya shi ya tsame abin da yake so ya dawo miki da sauran ta ɗaya layin, awa huɗu zuwa biyar kina wuri ɗaya. Ba zafi. Abin da na ji kawai leɓɓana da yatsuna suna yi min kamar tururuwa na bi, maganin hana jini daskarewa ne ke rage kalsiyam, da na faɗa suka ƙara min ya tafi, so ki faɗa da wuri kar ki daure. Da aka gama na kalli jakar, 'yar ƙarama, launinta kamar an sirka jini da madara, na yi ta kallonta ina cewa wai rayuwata ce a cikin nan. Suna ƙirga su da suna CD34, mafi ƙaranci miliyan 2 ga kowane kilo na nauyinki. Ni rana ta farko ba su isa ba aka yi min wata allura plerixafor da dare washegari suka cika. In hakan ta same ki kar ki ɗauka wani abu ya lalace, yana faruwa sosai ga wanda ya sha kemo da yawa.

Maman Biyu: Allah sarki. To shi babban kemon fa, shi ne nake jin tsoro. Ya ce sunansa BEAM.

Ɗan Auta: Shi aka ba ni. Magani huɗu ne, carmustine, etoposide, cytarabine da melphalan, kwana shida ana ƙirgawa da baya, saura shida saura biyar har a zo ranar sifili, wato ranar da za a mayar miki da ƙwayoyin. Abin mamaki kwanakin kemon ba su ne masu wuya ba, ina cin abinci ina yawo a baranda ina waya. Ranar melphalan za su kawo miki ƙanƙara ki yi ta tsotsa, Maman Biyu ki tsotsa ko da haƙoranki za su yi ta kaɗawa, sanyin yana tsuke jijiyoyin baki maganin ba ya isa wurin da yawa. Ni na gaji na ajiye a rabi kuma na ga sakamakon.

Ranar sifili suka turo wata tukunya mai hayaƙin sanyi har bakin gado, suka ciro jakar a daskare suka narkar da ita a ruwan ɗumi a gabana suka rataya kamar ƙarin jini, minti ashirin ba ta kai ba ta ƙare. Na ce shi ke nan? Suka ce shi ke nan. Sai dai wani wari da ɗanɗano kamar tafarnuwa da ya taso min a maƙogwaro, na maganin da ake daskarar da su ne DMSO, kwana biyu duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ji shi a numfashina ni kuma na daina ji.

Wahalar tana farawa wajen kwana na huɗu ko biyar bayan nan. Tsohon ɓargo ya mutu sabon bai kama ba, fararen ƙwayoyi su sauka sifili, baki ya yi gyambo har maƙoshi ko yawu ba ya haɗiyuwa, ina tofarwa a kofi, gudawa ba adadi, zazzaɓi ya zo da rawar sanyi har gadon na motsi, aka yi ta ɗura min maganin kashe ƙwayoyin cuta ta layi aka ƙara min jini sau biyu filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sau uku. Akwai daren da na ce wa mahaifiyata ni na gaji a bar ni haka.

Hajiya Babba: Haba yaro, ya isa haka mana. Baiwar Allah ta zo neman ƙwarin gwiwa kai kuma kana lissafa mata gyambo da gudawa. Ba komai ake faɗa wa mara lafiya ba, wani abin in ya zo ta gani da idonta Allah zai ba ta ikon ɗauka.

Ɗan Auta: Ki yi haƙuri Hajiya ba don in tsorata ta ba ne. Ni ba wanda ya faɗa min, duk aka ce min ba komai ba komai, da kwana na bakwai ya zo na ɗauka mutuwa ce ta zo kuma ɓoye min ake yi. Da na san cewa haka kowa ke yi kuma yana da ranar ƙarewa da ban karaya haka ba. Kwana na 11 nas ta shigo da asuba ta rubuta adadin fararen ƙwayoyina 0.2 a allon bango inda kwana shida sifili nake gani, washegari 0.6, bakina ya fara warkewa kamar an kashe wuta, kwana na 16 ina gida.

Maman Biyu: Hajiya na gode da tausayinki wlh na ji shi har raina, amma ku bar shi ya faɗa. Lokacin ABVD ɓoye-ɓoyen da aka yi min ya fi maganin ci min rai, kowa na murmushi ni kuma ina karanta fuskoki. Gara in san ramin kafin in taka.

Hajiya Babba: To shi ke nan 'yata tunda ke kika zaɓa. Ni ɗana aka yi wa, kuma har yau in na tuna kwanakin nan gabana faɗuwa yake, shi ya sa. Amma tunda gaskiya ake so bari in ƙara tawa, kar ki yi jarumta da ciwon baki, in sun ce za su sa miki morfin ki karɓa, ɗana ya ƙi kwana biyu yana tsoron kar ya saba da shi, ya sha azabar banza, da aka sa masa ya samu ya yi barci kuma da bakin ya warke aka cire ba abin da ya biyo baya.

Anti Nas: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da muke jira shi ne niyutrofil, wato fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, su kai 0.5 kwana uku a jere, yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14, filatilet kan yi jinkiri fiye da haka. Zaman asibitin duka ki ƙiyasta sati uku zuwa huɗu. Kuma abu uku ne nake roƙon duk wanda na kwantar, wanke baki da ruwan da za a ba ki sau da yawa a rana da buroshi mai laushi sosai, wanka kullum ko ba kya so, da tashi daga gado ko zagaye ɗaya ne a ɗaki. Wanda ya kwanta ya miƙe huhunsa ke tara ruwa ƙafafunsa su saki. In kina da sauran sati biyu ko uku kafin a kwantar da ke ki fara tafiyar ƙafa yanzu kullum, ki ci ki ƙara nauyi in zai yiwu don za ki zubar da shi a can.

Maman Biyu: Yarana fa Anti? Za a bari su shigo?

Anti Nas: Yawancin sassan dashe ba sa barin ƙananan yara, ki tambayi naku amma ki shirya zuciyarki a kan a'a. Yaro ɗan shekara 3 murar da zai kwana biyu ya warke ke tana iya kai ki ɗakin kulawa ta musamman.

Uwar Gida: Ni fa a nan ban yarda ba. Uwa ta yi wata guda ba ta ga ɗanta ba, wannan kansa ciwo ne, damuwa ma tana karya garkuwar jiki ai. A sa musu takunkumi a wanke musu hannu su shigo minti biyar mene ne a ciki?

Abban Yara: Uwar Gida ni mijin wadda aka yi wa ne, shekara biyu da suka wuce, kuma irin tunaninki na yi har na yi musu da nas a kai. Abin da ya sauya min ra'ayi, a satin da ƙwayoyinta ke sifili ƙaraminmu ya tashi lafiya lau da safe da yamma sai ga ƙuraje, ƙarambau ne ya ɗauko a makaranta, kuma yaro yana yaɗa shi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ƙurajen su fito. Da na shigar da shi ranar da na so fa? Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Abin da muka yi, kullum bayan sun dawo makaranta kiran bidiyo, in ba ta iya magana saboda baki sai ta ɗaga musu hannu kawai su su yi ta surutu. Ta yi rikodin muryarta tun kafin ta shiga tana ba su labari guda goma sha biyar, kowane dare a kunna musu ɗaya. Babbar kuma mun gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa jinin Mama ne ba shi da lafiya za a ba ta magani mai ƙarfi gashinta zai zube zai kuma dawo, ba ke kika jawo ba kuma ba a ɗauka. Wannan na ƙarshen ku faɗa musu da baki, 'yata ashe wata biyu tana zaton don ta ƙi jin magana ne uwarta ta kwanta.

Sannan Maman Biyu ki zaɓi mutum ɗaya tsayayye da zai zauna da ke dare da rana musamman satuttukan farko bayan sallama, da wani na biyu da zai karɓe shi. Ni na ce zan iya ni kaɗai, aiki da yara da asibiti, a sati na uku na zauna a mota na kasa tuna inda zan je. Mai jinya ma yana buƙatar mai jinyarsa.

Uwar Gida: To Allah ya kyauta, na ji ta ƙarambau ɗin. Amma dai ina ganin in ƙwayoyin sun fara hawa a bari ko ta gilashi ne su ganta.

Abban Yara: Ta gilashi kam mun yi, kwana na 13, ƙaraminmu ya manna tafin hannunsa ita ma ta manna nata.

Ƙanwar Kowa: Slm, ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ma an ce min dashe nan da wata biyu, shekarata 26 ban yi aure ba. Ba wanda ya yi min maganar haihuwa kuma kunya ta hana ni tambaya a gaban babana. Gaskiya ne ba a haihuwa bayan BEAM?

Anti Nas: Ƙanwata gara da kika tambaya, kuma gobe ki nemi ganin likitan ke kaɗai ko da wata 'yar uwa mace, wannan ba abin kunya ba ne. Gaskiyar ita ce BEAM yana taɓa ƙwan mace sosai, da yawa al'adarsu na ɗaukewa, wasu ta dawo wasu ba ta dawowa, kuma ƙarancin shekaru yana taimakawa, akwai waɗanda suka haihu bayansa amma ba abin da za a yi miki alkawari ba ne. Ana iya ɗibar ƙwai a daskarar kafin a fara, yana cin kamar sati biyu na allurai, shi ya sa maganar take buƙatar a yi ta yanzu ba ana gobe za a kwantar da ke ba. Maza nasu ya fi sauƙi, ajiye maniyyi ne, kuma su ma kunya ke sa su yi shiru su zo suna nadama. In al'adar ta ɗauke da wuri kuma akwai maganin hormon da ake bayarwa saboda ƙashi da zafin jiki, kar a zauna da shi a ce haka Allah ya so alhali da magani.

Ƙanwar Kowa: Na gode Anti, wlh kamar kin sauke min dutse. Zan je da yayata.

Mai Haƙuri: Ni abin da nake so in ƙara shi ne bayan an koma gida, don kowa labarin asibiti yake yi. Wata 8 ke nan da nawa. Ranar da aka sallame ni kowa murna ana cewa an warke, ni kuma daga gado zuwa banɗaki sai na huta a hanya. Abinci duk ɗanɗanon ƙarfe, fata ta bushe, in karanta layi uku in manta na farko. Gashi ya fara tsirowa wajen wata na uku amma ƙarfi sai a hankali, yau ka ji garau ka yi aiki gobe da jibi kana kwance. Abin da ya fi min ciwo masu cewa ai ka warke ka daure mana, har na fara zargin kaina da lalaci. Kuma dare in ya yi sai hannuna ya tafi wuya yana laluben kaluluwa, kusan PET na kwana 100 ko barci ba na yi. Da na faɗa wa likita ya haɗa ni da mai ba da shawara kan damuwa, ya taimake ni ƙwarai, kar wanda ya ji nauyin neman wannan.

Anti Nas: Allah ya ƙara sauƙi ɗan uwa, wata shida zuwa shekara ba abin mamaki ba ne kafin mutum ya ji ya dawo kansa. Tunda an zo nan bari in faɗi waɗanda ba na so a manta. Ki sayi ma'aunin zafi mai kyau, in ya nuna 38 ko kika ji rawar sanyi ko da tsakar dare ne asibiti kai tsaye, kar ki sha farasitamol ki kwanta ki ce sai da safe, yana rufe zazzaɓin ne cutar na ci a ƙasa. Za a ba ki acyclovir saboda ƙwayar ƙarambau da ke kwance a jijiya kar ta farka ta fito da ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya, da Septrin saboda wani ciwon huhu, ki sha har ranar da suka ce ki daina ba ranar da kika ji sauƙi ba. Busasshen tari ko haki da ya zo sati shida ko wata biyu ko uku bayan dashe ki faɗa da sauri ki kuma tuna musu an ba ki carmustine, yana iya kumbura huhu kuma in an kama da wuri prednisolone na maganinsa. In za a ƙara miki jini a wani asibiti ki ce musu an yi miki dashe, jinin da aka haska da radiyeshan ake ba irinku. Ki nisanci ƙurar gini da tonon ƙasa da kashin dabbobi saboda fumfuna da sauran ƙwayoyi, abinci ya dahu sosai a ci da zafinsa, ban da ɗanyen ƙwai da madarar da ba a dafa ba, kuma duk wani haɗin ganye ko na ƙarin ƙarfi da masoya za su kawo kar ya shiga bakinki sai likita ya gani, hanta da ƙoda sun riga sun sha aiki. Rigakafin yarinta kuma za a sake miki su daga farko, ana farawa wajen wata 6 zuwa 12, masu rai irin na ƙyanda sai an kai shekara biyu. Tunda Hodgkin ne ki tambaye shi ko kina cikin waɗanda ake ba wani magani mai suna brentuximab bayan dashe, ba kowa ake ba ba, ya danganta da yadda ciwon ya dawo.

Maman Biyu: Slm 'yan uwa, na dawo bayan sati uku. Na ga likita na biyu kamar yadda Bawan Allah ya ce, maganarsa ɗaya da ta farko, na sa hannu da hankalina a kwance. An cike min haƙori biyu, an saka layin ƙirji, an ɗebi ƙwayoyin a rana biyu sun kai miliyan 4 da ɗoriya a kilo, kuma Ɗan Auta tururuwar nan ta leɓe na ji ta na faɗa nan take. Na yi rikodin labari goma sha biyu saura uku muryata ke rawa in na fara. Babbar ta zana kalanda ta manna a ƙofar ɗakinsu ta ce kullum za ta soke rana ɗaya. Ƙanwata ce za ta zauna da ni mijina ya riƙe yara. Litinin za a kwantar da ni. Tsoron yana nan ban ce ya tafi ba, ku saka ni a addu'a.

Bawan Allah: Allah ya sa a shiga a sa'a a fito lafiya Malama. Zan riƙa leƙowa, ƙanwarki ta riƙa sanar da mu ko kalma ɗaya ce.

Ƙanwar Kowa: Maman Biyu ina bayanki da sati biyar, an fara min alluran ɗibar ƙwai jiya. Allah ya tashi kafaɗunki.

Maman Biyu: Amin na gode muku duka. Ɗan Auta ƙanƙarar nan tun yaushe zan fara tsotsa?

Ɗan Auta: Ni rabin awa kafin a rataya melphalan suka ce in fara, in ci gaba yana shiga har bayan ya ƙare da kamar awa ɗaya ko fiye, amma ki bi lokacin da nas ɗinki ta ba ki. Ki ce a farfasa miki ita ƙanana, ki riƙa juya ta ko'ina har ƙarƙashin harshe da cikin kumatu, kuma ki tafi da bargo mai kauri da safa don sanyin har ƙafa yake sauka.